Tsohon .config a kan sabon kanel: abin da zai bi ka da abin da zai zube a hanya

Wani ƙane da ke karatun kwamfuta ya aiko min da tambaya. Yana da laftof mai Debian 12, kuma tun tuni ya zauna ya gina kanel ɗin Linux 6.1, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta, da hannunsa, ya kwashe kwanaki yana cire abin da ba ya bukata har ya samu saitin da ya yi masa daidai. Yanzu yana so ya koma 6.12. Shin ya kwafi tsohon fayil ɗin `.config` ya zuba a sabuwar folda ya ci gaba, ko sai ya sake komai daga tushe? Kuma tsakanin `make oldconfig` da `make olddefconfig`, wanne zai bi?

Ƙanena, kada ka zubar da wannan fayil. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma kwanakin da ka ɓata kana gane wane direba, wato manhajar da ke tuƙa wata na'ura, allonka ke so, wane ne na sauti, duk suna cikinsa. Ka kwafe shi, ka tafi da shi. Sai dai akwai wurin da yake cin mutane, kuma ba wurin da yawancinsu ke sa ido ba ne. Kowa tsoron sababbin tambayoyi yake yi. Ni abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin amsoshin da ake zubarwa ba tare da an ce maka uffan ba.

Bari mu fara da sanin mene ne fayil ɗin. `.config` takardar amsa ce kawai. Takardar tambayar tana wani wuri dabam, a cikin fayilolin da ake kira Kconfig, waɗanda ke warwatse a kusan kowace folda ta tushen kanel. Kowane layi na takardarka amsa ce ga tambaya guda: `CONFIG_EXT4_FS=y` na nufin a gina abin a cikin jikin kanel, `=m` na nufin a gina shi a gefe a matsayin modul da za a ɗauko in an bukace shi, shi kuwa `# CONFIG_BTRFS_FS is not set` na nufin an tambaye ka ka ce a'a. Ka lura da wannan na ƙarshen. Ko da yake ya fara da alamar da a wasu fayiloli ke nufin sharhi, a nan amsa ce cikakkiya. In ka goge layin don ka tsabtace fayil, tambayar za ta dawo maka sabuwa fil.

To, kai ka amsa takardar 6.1, wadda ta fito a Disambar 2022. Ita 6.12 ta fito a Nuwambar 2024. Tsakaninsu an yi fitowa 11, kowace bayan sati 9 ko 10, kuma babu wadda ta bar takardar tambaya yadda ta same ta. Idan ka ɗora tsohuwar amsarka a kan sabuwar takarda, tambayar da har yanzu tana nan da sunanta, amsarka za ta zauna. Tambayar da aka ƙaro, babu amsarta a wurinka, dole wani ya amsa. Tambayar da aka cire ko aka sauya mata suna, amsarka ta zama marar gida, sai a jefar da layin. Akwai kuma wadda tana nan da sunanta amma sharaɗinta ya canza, wato yanzu ta dogara da wani zaɓi da ba ka kunna ba. Ita ma za ta mutu ko da ka rubuta mata `y`.

Umarnin nan biyu da ka tambaya a kansu, bambancinsu a kan sababbin tambayoyi kaɗai yake. `make oldconfig` zai tsaya a kan kowace ya tambaye ka, da 'yan haruffa kamar `[N/m/y/?]` a gabanta. Babban harafin shi ne amsar da masu kanel suka ajiye ga wanda ba shi da ra'ayi. In ka danna Enter ita ka ɗauka, in ka danna alamar tambaya za a nuna maka bayanin zaɓin. Shi kuwa `make olddefconfig` ba ya tambaya, yana ɗaukar wannan ajiyayyiyar amsar a ko'ina ya wuce. Daidai yake da ka ɗora yatsa a kan Enter har ƙarshe. Can da sunansa `oldnoconfig`, sai aka ga sunan na ruɗar mutane suna zaton a'a yake amsawa ga komai, aka sauya shi.

A tsallake mai nisa irin naka, ni `olddefconfig` nake ba da shawara, kuma ga dalilina. Tambayoyin za su kai ɗaruruwa, mafi yawansu a kan na'urorin da ba ka taɓa gani ba. Na sha kallon mutum ya fara `oldconfig` da niyya mai kyau, yana karanta bayanin kowace tambaya, bayan ta arba'in ya gaji ya koma danna Enter ido rufe, kuma a cikin waɗanda ya danne a gajiye ne mai muhimmancin take. Gara ka bar na'ura ta amsa, kai kuma ka karanta sakamakon a natse a cikin fayil, inda za ka iya komawa baya. Kafin ma ka amsa komai, `make listnewconfig` zai jero maka duk sababbin, `make helpnewconfig` kuma zai haɗa da bayaninsu. Amma in ƙaramin gyara ne a cikin zuri'a ɗaya, kamar daga wata 6.12 zuwa wata ta gaba, tambayoyin ba sa wuce 'yan ƙalilan, wani lokaci babu ko ɗaya, don haka `oldconfig` ya fi dacewa a can.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi shi ne amsa a'a ga duk sabon abu, da tunanin cewa abin da ba ka da shi jiya ba ka bukatarsa yau. Sau da yawa sabuwar tambaya tsohuwa ce ta sake riga. A 6.9 an sauya wa zaɓuɓɓukan kariya daga Spectre da Meltdown, raunukan tsaro da aka gano a furosesa, suna: `RETPOLINE` ya koma `MITIGATION_RETPOLINE`, `PAGE_TABLE_ISOLATION` ya koma `MITIGATION_PAGE_TABLE_ISOLATION`. A idon Kconfig tsofaffin sun mutu, waɗannan baƙi ne. Wanda ya ce a'a ga kowane baƙo ya kashe wa kansa kariyar da yake da ita tun 2018, kuma kwamfutarsa za ta tashi lafiya lau, babu abin da zai nuna masa. Wani lokacin kuma sabuwar tambayar ƙofa ce da aka gina a gaban tsofaffin ɗakuna. Lokacin da aka tattara direbobin wayfai ƙarƙashin sunayen kamfanoninsu, an ƙaro zaɓuɓɓuka irin su `WLAN_VENDOR_INTEL`. Ka ce masa a'a, duk direbobin Intel da ke bayansa sun ɓace, har da naka.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai. Akwai 'yar sandar wayfai ta USB mai araha da ta cika kasuwa, mai ƙwayar Realtek RTL8188EU a ciki. A 6.1 direbanta shi ne `r8188eu`, wanda ke zaune a sashen direbobin da ba su gama nuna ba, kuma zaɓinsa `CONFIG_R8188EU`. A 6.3 aka goge wannan direban gaba ɗaya, saboda wani direban da ya fi shi tsabta, `rtl8xxxu`, ya koyi tuƙa wannan ƙwayar. Ka duba abin da zai faru da mai irin saitinka. Layin `CONFIG_R8188EU=m` ba shi da gida, za a jefar da shi shiru. Shi kuma `CONFIG_RTL8XXXU` ba sabo ba ne, ya daɗe a kanel. Kai da kake rage kaya a 6.1 ka riga ka ce masa a'a, domin a lokacin ba ya yi maka komai. Saboda haka `oldconfig` ba zai tambaye ka shi ba, `listnewconfig` ba zai nuna shi ba, ginin zai kammala babu kuskure ko ɗaya, ka tashi kwamfuta, babu wayfai. Kuma intanet ɗin da za ka nemi mafita da shi ne ya tafi.

Ba a littafi na karanta wannan ciwon ba. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da nake kula da ita a wata makaranta, wadda ke riƙe da fayilolin ofis. Shekara da shekaru ina jan `.config` ɗinta daga wannan kanel zuwa wancan, kuma tun asali faifan ajiyarta na tafiya ne da tsohon tsarin IDE, wanda ke kiran faifai `/dev/hda`. An daɗe da kawo magajinsa, libata, mai kiran faifai `/dev/sda`, amma tun da abu na aiki ban taɓa shi ba. A 5.14, cikin 2021, aka cire tsohon tsarin baki ɗaya. Na gina 5.15 daga nesa da daddare, na sake kunna na'urar, ba ta dawo ba. Da na isa washegari ga abin da ke kan allo:

`VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`

Kanel ya tashi, ya nemi faifan da zai ɗauko sauran tsarin daga ciki, bai ga faifai ko ɗaya ba. `CONFIG_IDE` ya zube a hanya, `CONFIG_ATA` kuma na nan a kashe kamar yadda na bar shi shekaru da dama. Ma'aikatan ofishin sun yi rabin yini ba su taɓa takardunsu ba, kuma hakan ya dame ni ƙwarai, domin minti biyar na karatu da ya hana shi.

Wannan karatun shi ne ainihin aikin. Ga yadda nake yi tun daga ranar. Ina ajiye tsohon fayil da wani suna a wajen foldar kanel, sannan:

```
cp ~/config-6.1-nawa .config
make olddefconfig
scripts/diffconfig ~/config-6.1-nawa .config > ~/bambanci.txt
```

Dalilin ajiye kwafi a waje shi ne, ko da yake Kconfig na adana na baya da sunan `.config.old`, duk lokacin da ka sake taɓa saiti sai ya rubuta wani a kansa. Ka shiga `menuconfig` sau ɗaya ka fita da ajiya, asalin ya tafi.

Fayil ɗin bambancin yana da layuka iri uku. Masu alamar tarawa a gaba su ne sababbi da amsar da aka ba su. Masu kibiya a tsakiya, kamar `m -> n`, su ne waɗanda amsarsu ta juya. Masu alamar ragewa su ne waɗanda suka zube. Ka fara da masu ragewa, kuma a cikinsu ka kula da waɗanda ke ɗauke da `y` ko `m` kawai, domin abin da ka riga ka kashe in ya ɓace babu asara. Ba za su yi yawa ba. A kan kowanne ka tambayi kanka: ina wannan ya koma? Wani za ka ga ɗan'uwansa a cikin masu tarawa da suna mai kama da nasa, ka san sauyin suna ne. Wani an cire shi don ya zama dole, babu sauran zaɓi. Wani kuwa, irin na wayfai ɗin nan, aikinsa ya koma hannun wani tsohon zaɓi da kai ne za ka je ka kunna. Bayan su sai masu kibiya, musamman duk wanda ya sauka zuwa `n` ba da saninka ba. Wannan alamar sharaɗi ne ya canza. Masu tarawa su ne na ƙarshe, ka bi su da sauri, ka tsaya kawai inda sunan ya shafi na'urarka, tsarin fayil ɗinka, ko tsaro.

Tun daga 6.6 akwai wani taimako da mutane ƙalilan suka sani. In ka rubuta `KCONFIG_WARN_UNKNOWN_SYMBOLS=1` a gaban umarnin `make olddefconfig`, Kconfig zai yi maka gargaɗi a kan kowane layin da bai gane ba maimakon ya haɗiye shi. Tun da 6.12 za ka, kana da shi. Ka yi amfani da shi, amma kada ya hana ka duba masu kibiya, domin su bai san da su ba.

A tsakanin sigoginka biyu, ga kaɗan daga abin da za ka iya cin karo da shi. In ka zaɓi `SLAB` a matsayin mai rabon ƙwaƙwalwa, ya tafi a 6.8, `SLOB` kuma tun 6.4, `SLUB` ne kaɗai ya rage, kuma ba sai ka yi komai ba. Labarin `SLAB` ma abin lura ne: a 6.5 da gangan aka sauya masa suna zuwa `SLAB_DEPRECATED`, don masu jan tsohon saiti su tsinci kansu a kan `SLUB` tun kafin a goge shi, in akwai matsala su yi magana. Tsohon direban NTFS, na karanta faifan Windows, an cire shi a 6.9, `NTFS3` ya gaje shi. ReiserFS kuwa yana nan a 6.12, amma a 6.13 aka cire shi, don haka duk mai faifai a kansa ya kwashe kayansa tun yanzu.

Ka tambayi kanka ko ya fi ka bi sigogin ɗaya bayan ɗaya, 6.2, 6.3, har 6.12? Ba ya ƙara komai. Kconfig ba ya riƙe tarihi, abin da ke gabansa kawai yake gani, kuma layin da zai zube a 6.3 zai zube ko ka tsaya a can ko ka wuce. Za ka ƙona data da lokaci ne a banza, ga shi kowane tushe da za ka sauke ya haura megabait 100.

Idan ka gano abin da ya kamata ka kunna, kada ka buɗe `.config` ka rubuta `=y` da hannu ka ɗauka an gama. In sharaɗin zaɓin bai cika ba, da zarar ka ce `make` za a mayar da shi yadda yake, nan ma shiru. Ka shiga `make menuconfig`, ka danna `/`, ka rubuta sunan. Zai nuna maka inda zaɓin yake, abin da ya dogara da shi, da halin da kowane sharaɗi ke ciki a yanzu, har ka ga wanda ke tare hanya. In ka fi son layin umarni, `scripts/config --module RTL8XXXU` zai rubuta maka, amma shi ma rubutu kawai yake yi, ba ya duba sharaɗi. Dole ka bi shi da `make olddefconfig` sannan ka leƙa ka tabbatar amsar ta zauna.

Akwai wani abin da ke sa saiti ya motsa ko da kanel bai canza ba. Tun daga 4.18, Kconfig na gwada kwamfailar da ke kan na'urarka, wato manhajar da ke gina kanel daga tushensa, lokacin da yake aiki, ya rubuta sunanta da lambarta a saman fayil, ya kuma buɗe ko ya rufe wasu zaɓuɓɓuka gwargwadon abin da ta iya. Saboda haka in ka ga layuka masu farawa da `CC_HAS` ko `GCC_VERSION` sun cika fayil ɗin bambanci, kada hankalinka ya tashi, ba kai ake tambaya ba. Amma ka sani cewa rashin wani kayan aiki na iya kashe zaɓi. `DEBUG_INFO_BTF`, alal misali, yana bukatar manhajar `pahole`. In babu ita, ko dai ginin ya tsaya ko zaɓin ya ɓace, ya danganta da sigar kanel. Ka girka kayan gini tukuna, sannan ka taɓa saiti.

Sai kuma 'yan manhajojin da wasu na'urori ke bukata a loda musu kafin su yi aiki, waɗanda ke zaune a `/lib/firmware`. Wasu gidajen Linux yanzu a matse suke kawo su, da xz ko zstd. Kanel ɗin da aka gina ba tare da `FW_LOADER_COMPRESS` da 'ya'yansa ba zai ce bai ga fayil ɗin ba alhali yana nan. Wannan ya fi kama wanda ya sabunta tsarinsa gaba ɗaya ya riƙe tsohon saiti, don haka ka tuna da shi ranar da za ka bar Debian 12.

Mai yiwuwa wani da ke karanta wannan ba shi da nasa saitin, yana so ya ari na gidan da ya ba shi Linux. Yana nan a `/boot`, da suna `config-` haɗe da lambar da `uname -r` ke nunawa. A wasu tsarin kuma, kamar Arch, `zcat /proc/config.gz` ne zai fito da shi. Hanya ce mai kyau, amma tana da ƙaya biyu. Saitin Ubuntu na nuni zuwa takardun shaidar sa hannu da ke cikin foldarsu kawai, sai ginin ya yi nisa ya tsaya yana neman `debian/canonical-certs.pem`. Maganinsa a mayar da `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` da `SYSTEM_REVOCATION_KEYS` fanko da `scripts/config --set-str`. Ta biyu, irin wannan saitin ya haura layi 10,000, yana gina dubban modul tare da bayanan bin diddigin kuskure, abin da ke cin sa'o'i da gigabait masu yawa a kan ƙaramar laftof.

Nan ne mutane ke gudu zuwa `make localmodconfig`, wanda ya shigo tun 2.6.32. Yana duba modul ɗin da ke lode a daidai wannan lokacin ya kashe sauran. Yana rage aiki sosai, amma abin da ba a jone ba a lokacin, a wurinsa babu shi. In ba ka soka filasha ba, direban ajiyar USB da na FAT da exFAT na iya tafiya. In da wayarka kake ba laftof intanet ta igiya, kamar yadda da yawanmu ke yi, kuma ba ta jone a lokacin, `rndis_host` ko `cdc_ncm` sun tafi. Kafin ka kira shi, ka jona duk abin da ka san kana amfani da shi, firinta, waya, abin sauraro na bulutut, ka buɗe VPN in kana da shi, sannan ka adana sakamakon `lsmod`, mai jero modul ɗin da ke lode, a fayil ka miƙa masa ta hanyar `LSMOD=`.

Akwai kuma lokacin da nake ce wa mutum ya haƙura da jan tsohon fayil. In saitin na wata kwamfuta ce dabam, ko ya fito daga zamanin kanel 3 ko 4 ana ta jansa har mai shi bai san dalilin rabin abin da ke ciki ba, ci gaba da shi kitso ne da ƙwarƙwata. Dalili kuwa, cikakken `.config` yana daskarar da kowace amsa, har da dubban da ba kai ka zaɓa ba, ajiyayyun amsoshin wancan lokacin ne kawai. In masu kanel suka gano daga baya cewa wani zaɓi ya kamata ya kasance a kunne ga kowa suka sauya ajiyayyiyar amsarsa, kai ba za ta same ka ba, domin a takardarka an riga an amsa. Naka na 6.1 bai tsufa haka ba. Amma don gaba, ga abin da zai taimake ka: a cikin tsohuwar foldar 6.1, in tana nan, ka ce `make savedefconfig`. Zai fitar da ɗan gajeren fayil mai suna `defconfig` wanda ya ƙunshi inda ka saɓa wa ajiyayyun amsoshi kawai. Wannan shi ne ainihin ra'ayinka, ana iya karanta shi a zama ɗaya. Ni har na wuce nan: ina da 'yan ƙananan fayiloli, ɗaya na faifai, ɗaya na sadarwa, ɗaya na tsaro, kowane layi da sharhin dalilinsa a samansa, ina ɗora su a kan sabon tushe da `scripts/kconfig/merge_config.sh`. Abin da na fi so game da shi, yana faɗa min in wani abin da na nema bai samu shiga ba.

Wajen gini, ka ba kanel ɗinka suna ta `CONFIG_LOCALVERSION`, ko da `-nawa1` ne, don modul ɗinsa su samu foldarsu kada su hau kan na wani. A Debian ka yi amfani da `make -j4 bindeb-pkg`, ka daidaita lambar da yawan ƙwayoyin furosesar na'urarka. Zai ba ka fakitin da `dpkg` zai girka ya kuma iya cirewa da tsabta, ya gina initramfs, ɗan ƙunshin modul da ake lodawa kafin a buɗe faifai, ya sabunta GRUB, manhajar da ke zaɓar kanel wajen tashi. In wuta ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar aiki, sake kiran `make` zai ci gaba daga inda ya tsaya. In ka ga kuskuren da ba ka gane kansa ba bayan haka, wataƙila wani fayil ne ya yanke a rabi, sai ka yi `make clean`. Shi ba ya taɓa saiti. `make mrproper` kuwa yana share `.config` tare da komai, kuma ba ya neman izini.

Kafin ka sake kunnawa, ka duba da idonka abubuwan da tashi ya rataya a kansu: direban faifanka, ko `BLK_DEV_NVME` ko `SATA_AHCI` tare da `BLK_DEV_SD`, sai tsarin fayil ɗin da babbar foldarka ta `/` ke kai, sai `DM_CRYPT` in faifan a kulle yake. In ba ka amfani da initramfs, dole waɗannan su zama `y`, domin modul da ke kan faifai ba zai iya buɗe faifan da yake kai ba. In kana da direban da ke zuwa daga waje ta DKMS, tsarin da ke sake gina irin waɗannan direbobi ga kowane sabon kanel, kamar na NVIDIA ko VirtualBox, ka girka fakitin `linux-headers` da ginin ya fitar, ka kuma tabbatar sigar direban ta san 6.12, don wannan ba matsalar da `.config` zai warware ba ce.

Kada ka cire 6.1. Ka bar shi, ka bar na Debian ma a gefe, har sabon ya yi maka sati yana aiki. Tun kana kan tsohon ka adana sakamakon `lsmod` da na `lspci -k`, wanda ke nuna kowace na'ura da direban da ke riƙe da ita. Bayan ka tashi a 6.12 ka sake ɗaukar su ka gwada da na farko. Duk na'urar da a da take da direba yanzu babu, ka samo abin da ya zube. Ka bi `dmesg`, mai nuna saƙonnin kanel, ka nemi inda aka ce an kasa loda wani fayil. Sannan ka gwada abubuwan da ba a lura da su sai ranar bukata: rufe murfin laftof ka buɗe, soka filasha, jona waya, sauti ta abin kunne, fitar da hoto zuwa majigi. In na'urar tana nesa da kai, kamar waccan tawa ta makaranta, ka sa `GRUB_DEFAULT=saved` ka yi amfani da `grub-reboot`, wanda ke gwada sabon kanel sau ɗaya tak; in ya maƙale, duk wanda ke kusa ya kashe ya kunna, za ta dawo kan tsohon.

In kuma abin da kake nema a 6.12 direban wata sabuwar na'ura ce kawai, ba ginin kansa ba, Debian ta kawo 6.12 a ma'ajiyarta ta `bookworm-backports`, kuma shi ne kanel ɗin Debian 13. Ko da za ka gina naka, ka girka wannan tukuna. Zai ba ka kanel na 6.12 da ka san yana tashi, `lsmod` ɗinsa zai faɗa maka sunayen da direbobin na'urarka ke amsawa a yanzu, fayil ɗin saitinsa da ke `/boot` kuma shi ne za ka leƙa duk lokacin da wani layi mai alamar ragewa ya ɗaure maka kai. In ka gama, ka turo min layukan ragewar da suka rage ba ka gane ba, tare da sakamakon `lspci -k` da `lsusb`, mu bi su tare.